Makullan Gidan Malam Labaran

"Wata ɗaya kawai nake roƙo, Hajiya. Wata ɗaya."

Karo na uku ke nan Sa'adiya tana faɗar haka tun da ta zauna, kuma kowane karo muryarta sai ta ƙara yin ƙasa. Hajiya Jummai, jami'ar da ke kula da karɓo rance a wannan reshe na bankin da ke Doka, ta rufe fayil ɗin gabanta ta ɗora tafin hannu a kai. Mace ce mai sanyin magana, abin da ya sa Sa'adiya ta yi ta sa rai da ita har zuwa safiyar yau.

"Malama Sa'adiya, maganar ta bar hannunmu tun ranar da kotu ta yanke hukunci. Wata shidan da aka ƙara muku, ni na yi ta kai gwauro na kai mari har aka yarda. Yanzu ko manaja ba shi da ta cewa. An riga an sami mai saye."

"An sayar?"

"An sayar. Ƙarfe sha biyu ma'aikacin kotu zai je karɓar makullai, ni ma dole in bi shi in sa hannu." Ta dube ta. "Kin yi magana da Baba kuwa?"

Sa'adiya ta sunkuyar da kai tana murza gefen hijabinta.

"Jiya da kansa ya kira ni," in ji Hajiya Jummai. "Ya ce kada mu damu, kafin mu iso an kwashe komai. Ki je. Ni dai a ganina, zamanki a nan ba shi da sauran amfani."

Ta fito bakin titi ta tsaya kamar wadda ta manta hanya. Keke Napep uku suka tsaya mata suka gaji suka wuce. Na huɗun ne ta ɗaga wa hannu, ta ce Malali.

Shekara huɗu da suka wuce, bayan rasuwar mijinta, Sa'adiya ta fara gasa burodi a ɗan tanderun da ta gina a bayan ɗakinta a Unguwar Shanu. Masu shayi biyu suka fara karɓa, suka zama goma, har ta kai ba ta iya cika musu. Kowa ya ce ta buɗe gidan burodi sosai. Banki ya yarda zai ba da rance amma sai da jingina, ita kuwa ba ta mallaki ko taku ɗaya na ƙasa ba. Ba ta roƙi mahaifinta ba. A bakin 'yarta Umaima ya ji zancen, ya kira ta, ya buɗe akwatinsa na ƙarfe ya ciro takardar mallakar gidansa a naɗe cikin leda biyu, ya ajiye mata a kan tabarma. Ƙanenta Suhaib ya yi ta faɗa, ya ce ba a wasa da gidan tsoho. Malam Labaran ya ce gidan nasa ne, shi ya ga dama.

Shekarar farko komai ya tafi daidai. Ta ɗauki ma'aikata bakwai, ta sayi tsohuwar bas ta rarraba burodi. Daga nan fulawa ta tashi, sukari ya bi ta, man janareta ya fi ƙarfinta. Ta rage girman burodin, masu shayi suka yi ƙorafi. Ta ƙara kuɗi, suka koma wani wuri. Ta sayar da bas ɗin, ta sayar da 'yan kunnenta, ta sallami ma'aikatan ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshe ta rufe ƙofa. Takardun banki suka fara zuwa, sannan na kotu.

Rabonta da gidan mahaifinta a Malali wata biyar. Duk Juma'a tana ba Umaima abinci ta kai wa kakanta, amma ita ba ta iya zuwa. Da farko in ya kira ta tana ɗauka, su gaisa a gurguje ta ce tana cikin mota. Daga baya sai ta riƙa kallon sunansa a wayar har ta gama ƙara.

Ta sauka tun daga bakin layin, ta ƙarasa da ƙafa. Daga nesa ta hango akori-kura a ƙofar get, an loda mata kujerun falo, firiji, katifu biyu a naɗe, da tsohon keken ɗinkin mahaifiyarta, Hansai, wadda ta rasu shekara shida ke nan. Matan layin suna tsaye a ƙofofinsu, kowacce ta sami abin da take yi da hannunta don kada a ce kallo take. Suhaib yana kan motar da kayan ofis a jikinsa, ya naɗe hannun riga yana ɗaure igiya. Ya gan ta, ya ci gaba da ɗaurinsa, sai da ya gama sannan ya diro.

"Yaya, sai yanzu?"

"Banki na je. Na ce ko za su..."

"Banki." Ya yi 'yar dariya marar daɗi. "Kwana uku muna kwasar kaya ni da shi. Mutum mai shekara saba'in da uku yana ɗaukar buhu a ka. Kin san sau nawa ya tambaye ni ko kin kira? Kin zo ganin yadda aka ƙare ne?"

"Suhaibu!" Inna Harira, maƙwabciyarsu tun suna yara, ta fito daga cikin gidan da tukwane a rungume. "Ba a bakin titi ba. Kai ɗauki waɗannan ka sa a mota. Ke kuma shiga, yana tsakar gida."

Sa'adiya ta yi sallama a falo, muryarta ta dawo mata daga bango. Ba ta taɓa sanin falon yana da girma haka ba. Inda kabad ya zauna shekara da shekaru fenti ya fi haske, an share ko'ina tas, har an goge gilasan taga. Malam Labaran ya gina gidan nan ne a cikin shekara goma sha ɗaya, daga albashinsa na ma'aikacin hukumar ruwa. Suna ciki aka ƙara ɗaki na uku. Ta tuna lokacin da ita da Suhaib suke kwana kusa da buhunan siminti.

A tsakar gida ta same shi tsugune gaban famfo, ya tattare babbar rigarsa a cinya, sifana a hannu. Ya rame. Wuyansa ya fito daga cikin rigar kamar ba tasa ba. Ta durƙusa nesa kaɗan da shi.

"Baba, ina kwana."

Ya ɗago ya dube ta ta saman tabarau. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka bai taɓa kiran ta Sa'adiya ba.

"Lafiya lau, Uwata. Yawwa, kin zo a daidai. Matso ki riƙe min nan."

Ta matsa ta riƙe bututun. Ya kwance kan famfon, ya zaro 'yar robar da ke ciki wadda ta cinye, ya laluba aljihu ya ciro sabuwa.

"Baba, me kake yi?"

"Ɗiga yake yi tun azumi, ina ta cewa gobe, gobe. Ai ba za a ce ma'aikacin ruwa ya fita ya bar wa mutane famfo yana zuba ba. Riƙe da kyau."

Ya mayar da kan, ya ɗaure, ya buɗe ruwa ya rufe. Suka tsaya su biyu suna kallon bakin famfon. Ɗigo ɗaya ya taru, ya faɗi, daga shi ba wani. Malam Labaran ya gyaɗa kai. Sa'adiya kuwa ba ta saki bututun ba. Kukan da ta riƙe a banki, ta riƙe a keke, ta riƙe a gaban ƙanenta, a nan ya ƙwace mata.

"Baba, ka yafe min. Don Allah ka yafe min."

Bai hana ta ba. Ya ajiye sifanar, ya zauna a kan dakalin wanke-wanke, ya bar ta ta yi mai isarta. Da ta lafa sai ya ce, "Me kika yi min?"

"Na raba ka da gidanka."

"Cin kuɗin kika yi? Gwal kika saya? Ko kin tafi yawon duniya da su ban sani ba?"

Ta girgiza kai.

"Nuna min hannunki."

Ta miƙa. Daga wuyan hannu zuwa gwiwa duk tabon ƙunar tiren burodi ne, wasu sun yi baƙi wasu sun yi fari. Ya duba ya saki.

"Shekara talatin da biyar ina sa hannu a takardun gwamnati. Ranar da na sa hannu a ta bankin nan na karanta ta tun daga farko har ƙarshe, har ƙananan rubutun. Na san abin da zai faru in abu bai yi ba. Ba yaudarata kika yi ba." Ya cire tabarau ya goge da gefen riga. "Ba zan ce miki babu zafi ba, don ƙarya ce. Jiya da muka fitar da gadon mahaifiyarku na zauna a ƙasan ɗakin, na fi awa ɗaya na kasa tashi. Suhaib ya ɗauka ciwon ƙafata ne. Akwai zafi. Amma ke kin karya, da safe?"

"Na sha shayi."

"Ƙarya kike. Harira ta kawo ƙosai, yana kan taga. Ɗauko."

Tana cikin tura ƙosan da ƙyar suka ji tsayuwar mota a waje. Suhaib ya leƙo ya ce sun iso. Malam Labaran ya miƙe, ya saki rigarsa, ya wanke hannu, ya gyara zaman hularsa.

Su uku ne: ma'aikacin kotu dogo mai jaka a hammata, ɗan sanda ɗaya da ya tsaya a bakin get yana kallon ƙasa, da Hajiya Jummai. Ma'aikacin kotun ya buɗe takarda zai fara karantawa, Malam Labaran ya ɗaga hannu.

"Na karanta tawa, ɗana. Ba sai ka wahalar da kanka ba. Ku zo dai in nuna muku gidan."

"Baba, ba sai an..."

"Ai wanda ya saya ba ya nan. Wani ya kamata ya sani."

Haka ya shige gaba suka bi shi ɗaki-ɗaki. Ya nuna musu ƙofar kicin da ke kumbura da damina, ya ce kada a yi mata dole, a ɗan ɗaga ta sama sai ta buɗe. Ya nuna inda mita take da inda ake kashe wutar gidan gaba ɗaya. A bayan gida ya tsaya kusa da bishiyar gwaiba ya ja layi a ƙasa da ƙafarsa, tun daga katanga har gindin tankin ruwa.

"Bututu ne ya bi ta nan, ni na shimfiɗa shi da hannuna. In mai gidan zai yi gini, a gaya masa kada ya haƙa nan. In ya fasa shi, ba shi kaɗai zai rasa ruwa ba, har gidan Harira."

Hajiya Jummai ta juya fayil ɗinta ta rubuta a bayansa. Ta tambaye shi taku nawa ne daga katangar, ya auna mata da ƙafa, ta rubuta. Sa'adiya ta ga yadda ta daɗe tana kallon takardar bayan ta gama rubutun.

Suka dawo bakin get. Ya ciro tarin makullai daga aljihu. A cikinsu akwai wani ƙarami na akwatinsa na ƙarfe, ya yi ta ƙoƙarin zare shi daga zoben, farcensa ya kasa. Sa'adiya ta karɓa ta zare masa, ta riƙe sauran a hannunta ta rasa wanda za ta ba. Ya karɓe su daga hannunta, shi ya miƙa wa ma'aikacin kotun da hannu biyu. Aka sa hannu a kan bonet ɗin mota. Aka ja get, aka sa sabon kwaɗo, aka manna takarda. Duka bai fi minti biyar ba.

"Allah ya sa haka shi ne mafi alheri, Baba," in ji Hajiya Jummai a hankali.

"Amin, 'yata. Aikinki kika yi. A gaida gida."

Motarsu ta tafi. Inna Harira ta juya baya tana share ido da bakin zane. Maza biyu na layin suka zo suka yi musabaha da Malam Labaran, suka ce Allah ya kyauta. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, direban akori-kurar ya leƙo ta taga.

"Alhaji, ina muka nufa? Kada ruwa ya tarar da kayan nan a hanya."

"Kwatas ɗin ma'aikata," in ji Suhaib. "Zan shige gaba ka bi ni. Baba, zo ka shiga motata. Surukarka Yasmin ta gyara maka ɗaki tun shekaranjiya, har labule ta sa."

Malam Labaran bai motsa ba. Yana tsaye hannayensa a baya.

"Kujerun da firijin da keken ɗinkin, a kai gidanka," ya ce. "Akwatina da katifa ɗaya da buta, a sauke su Unguwar Shanu."

Suhaib ya dube shi. "Unguwar Shanu wajen wa?"

"Wajen yayarka."

"Baba!" Sa'adiya ce ta riga shi. "Ciki da falo ne fa. Gidan haya, mu biyar muke haɗa banɗaki. Ga hayaniya, ga..."

"Akwai masallaci kusa?"

"Akwai, amma..."

"To, falon ya ishe ni."

Suhaib ya matso kusa, ya rage murya don kada maƙwabta su ji, amma jijiyar wuyansa ta tashi. "Baba, me mutane za su ce? Kana da ɗa namiji da gidansa, da ɗaki a share, ka tafi ka kwanta a falon gidan haya? Kuma wajen wadda... Ni me na yi maka? Kwana uku ina nan, ofis ma ban je ba sai yau da na leƙa na dawo."

"Ba ka yi min komai ba sai alheri, Allah ya yi maka albarka. Ka gode wa Yasmin, ka ce ɗakin ta bar min shi, zan riƙa zuwa ina kwana biyu." Ya kama hannun ɗan nasa ya riƙe. "Saurara ka ji. In na zauna Unguwar Shanu, kai za ka zo. Na san ka. Za ka zo kana fushi, ka zauna kana kumbure-kumbure, amma duk sati sai ka zo. In kuwa na zauna gidanka, ita ba za ta zo ba. Za ta riƙa aiko Umaima da kwanon abinci har ranar da za a kira ta a ce ta zo ta gan ni an rufe min fuska. Wata biyar na gwada, na gani. Gidan an karɓa, na haƙura. Wannan kuma ba zan iya ba."

Sa'adiya ta toshe bakinta da hijabi. Suhaib ya zare hannunsa a hankali, ya juya ya kalli get ɗin da sabon kwaɗonsa, ya daɗe a haka. Direban ya danna ham sau ɗaya, gajere.

Sai Suhaib ya taka tayar motar ya haye sama. Ya kwance igiyar da ya sha wahalar ɗaurewa ɗazu, ya ture kujera gefe, ya jawo akwatin ƙarfen daga can ƙasa ya dawo da shi bakin mota inda za a fara sauke shi. Ya tsaya a kan katifun biyu yana latsa su da hannu, ya zaɓi mai kaurin ya ɗora a kan akwatin. Bai kalli yayarsa ba da ya yi magana.

"Yaya, motar nan za ta shiga lungunku?"

"Ba za ta shiga ba." Ta share fuska. "Sai dai a tsaya a bakin kwalbati a ɗauka da hannu."

"To, ki shiga gaba kusa da Baba ki nuna wa direba hanya," ya ce, yana jan igiyar. "Akwatin nan da nauyi. Ni zan ɗauka."